Rikiɗa Ba Ta Zuwa Kyauta: Tarihin Wata Rigima ta Shekara 50 a Kan Teburin Wasa

Tun daga farko in faɗa muku, rubutun nan yana da ɗan tsawo. Wanda ke da tes gobe ya ajiye shi sai ya fito, ba inda za shi. Wanda kuma yake kwance a hostel an ɗauke wuta, ba karatu ba barci, to bismillah, matso kusa.

Tarihi zan ba ku, amma ba na sarakuna ba. Tarihin wata rigima ce da masu wani wasa suka shafe kusan shekara 50 suna yi a kan tambaya guda: in aka ba mutum ɗaya cikin 'yan wasa ikon rikiɗa ya zama dabba, yaya za a yi kada ya cinye wasan shi kaɗai, ya bar sauran da kallo? Da jin tambayar za ka ce aikin waɗanda suka ƙoshi ne. Ban ce ta kai matsalar kuɗin makaranta ba. Amma da na bi diddiginta, sai na tarar tsofaffin da ke yi mana tatsuniya a tsakar gida sun daɗe da warware ta, kuma amsarsu ta fi ta kamfanin da ya yi ta buga littattafai yana sokewa.

WANE WASA NE WANNAN?

Sunansa Dungeons & Dragons, ana taƙaita shi D&D. Wasu sun gan shi a Stranger Things, yaran nan da ke taruwa a ɗakin ƙasa suna jefa dayis. Wasu kuma sun san shi ta wasan kwamfuta Baldur's Gate 3 na 2023, wanda aka gina a kan dokokinsa. Mutum biyu suka ƙirƙiro shi a Amurka, Gary Gygax da Dave Arneson, kuma kamfanin TSR ya fara buga shi a 1974, a wani ƙaramin gari mai suna Lake Geneva a jihar Wisconsin.

Ga yadda ake yi. Mutum huɗu ko biyar za su zauna da takarda da fensir da dayis irin na ludo, sai dai babban cikinsu fuska 20 gare shi. Mutum ɗaya shi ne mai jan labari: shi ke faɗin inda ake, abin da ake gani, da abin da abokan gaba suka yi. Sauran kowa ya ɗauki mutum ɗaya a cikin labarin ya zama shi, wannan mayaƙi, wannan gwanin sanɗa, wannan mai warkarwa. In ka ce za ka haura katanga, sai ka jefa dayis, lambar da ta fito ita ce alƙali. Kowa yana da makin rai a takardarsa. In an sare ka a rage, in ya ƙare ka faɗi. Kuna samun nasara kuna hawa mataki, a bugun yanzu daga 1 har 20.

A taƙaice dai tatsuniya ce ta taron dangi, da lissafi a ciki. Ba a sa kuɗi, kuma 'yan wasa ba sa cin junansu. Ko ku tsira tare, ko ku halaka tare. Ku riƙe wannan na ƙarshe, don shi ne tushen rigimar.

DAGA INA DURUWID YA FITO?

Cikin mutanen da ɗan wasa zai iya zama akwai wanda ake kira duruwid, mutumin daji, masanin itatuwa da dabbobi. Sunan ba ƙirƙira ba ne. Duruwid malaman gargajiya ne na al'ummar Kelt, waɗanda suka zauna a inda yanzu ake kira Faransa da Birtaniya da Ailan. Yuliyas Kaisar na Rum, wanda ya ci ƙasar Gol da yaƙi tsakanin shekara ta 58 da ta 50 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya rubuta cewa su ne alƙalai, su ne malamai, ba sa biyan haraji, ba sa zuwa yaƙi, kuma almajirinsu kan yi har shekara 20 yana hadda, don ba su yarda a rubuta iliminsu ba. Mu da ke kuka in shekara huɗu ta zama shida, sai mu gode wa Allah.

Kaisar bai ce suna zama dabbobi ba. Maganar rikiɗa ta fito ne daga hikayoyin Ailan da aka rubuta ƙarnuka bayan haka, inda za ka ji duruwid ya mai da budurwa barewa, ko an taɓa yara da sandar duruwid sun zama tsuntsayen ruwa har shekara 900. Daga irin waɗannan hikayoyi masu wasan suka ɗebo. Duruwid ya fara leƙo D&D a 1975, a ƙarin littafin Greyhawk, a matsayin wanda za a gamu da shi a hanya. A 1976, a littafin Eldritch Wizardry, aka ba ɗan wasa dama ya zama shi.

1978: TAKUNKUMIN FARKO

Littafin 'yan wasa na 1978 ya yi taka-tsantsan. Duruwid ba ya rikiɗa sai ya kai mataki na 7, kuma a wancan zamanin kafin ka kai nan ka sha wuya, da yawa a hanya suke mutuwa. In ya kai, sau uku kawai zai rikiɗa a rana: sau ɗaya tsuntsu, sau ɗaya mai jan ciki, sau ɗaya dabba mai shayarwa. Ƙanƙantarsa ba za ta wuce ta kwaɗo ko jemage ba, girmansa ba zai wuce na baƙin beyar ba. Ladan da ke ciki shi ne duk rikiɗa ɗaya tana goge masa kashi 10 zuwa 60 cikin 100 na raunin da ke jikinsa. Sannan an hana shi sulken ƙarfe.

Akwai ma wata doka mai kama da sarautar gargajiya: kujerun sama ƙidayayyu ne. Mutum 9 kawai ke iya zama a mataki na 12, mutum 3 a na 13, mutum 1 tak a na 14. In kana son hawa, sai ka kayar da wanda ke kai. Wato sun ɗaure ikon da igiya uku: jira, ƙidaya, da girman jiki.

2003: DA IGIYA TA TSINKE

A 1997 kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR. Ya fitar da bugu na uku a 2000, ya yi masa kwaskwarima a 2003. A nan abin ya wuce gona da iri. Duruwid ya fara rikiɗa tun mataki na 5, kuma in ya zama dabba, sai a share ƙarfin jikinsa da zafin namansa da juriyarsa, a rubuta na dabbar. Ka ga ɗan wasa mai wayo ba zai ɓata makinsa wajen ƙarfin jiki ba. Ya zuba komai a basira, ya bar mutuminsa siriri kamar tsinke, tunda in faɗa ya tashi aron jiki zai yi. A mataki na 8 ya zama babbar dabba, a na 15 ƙatuwa. Ga wata baiwa da aka sa a littafin 2003 mai ba shi damar yin siddabarunsa yana cikin jikin dabba. Ga kuma dabbar rakiya da yake da ita tun mataki na 1, wadda ita kanta ba kanwar lasa ba ce.

Lissafa: mutum ɗaya ya zama uku. Shi ne mayaƙi, shi ne mai siddabaru, ga yaronsa mai haƙora a gefe. 'Yan wasa a intanet har suna suka raɗa wa abin, CoDzilla, suka haɗa haruffan farko na mai warkarwa da duruwid a Turance da sunan dodon fim Godzilla. Shi kuwa wanda ya zaɓi mayaƙi, sai ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kamfanin ya yi ta faci. A 2006 ya kawo zaɓi a littafin Player's Handbook II: ka rikiɗa iya son ranka, amma ba dabbar rakiya, ba siddabaru in kana jikin dabba, kuma ɗan ƙari kawai za a yi wa ƙarfinka. A bugu na huɗu, wanda ya fito a 2008, duruwid ɗinsa ya biyo baya a 2009, sai suka tsallaka ɗaya ɓangaren gaba ɗaya: ka zama duk dabbar da ka ga dama, amma lambobin takardarka ba sa canzawa. Rikiɗa ta kusa zama sauya riga. Garin neman gira aka rasa ido. A 2009 ɗin dai wani kamfani, Paizo, ya fito da wasansa Pathfinder da hanyar tsakiya: ba a share ƙarfinka, ƙari ake yi a kai. Ka zama matsakaiciyar dabba a ƙara maka 2. In rago ne kai, ragon zaki za ka zama.

2014, DA ABIN DA YA FARU A KUBWA

Bugu na biyar ya fito a 2014, shi ne wanda ya fi kowane yaɗuwa, shi ne kuma ya iso hannunmu. A nan duruwid yana rikiɗa tun mataki na 2, sau biyu kafin ya huta, kuma hutun sa'a ɗaya ya isa ya dawo masa da su. An sa sharuɗɗa: dole dabbar da ya taɓa gani ce, ba mai iyo ba sai mataki na 4, ba mai tashi ba sai na 8, kuma ba ya magana. Amma an bar wata ƙofa a buɗe. In ya rikiɗa, makin ran dabbar yake ɗauka gaba ɗaya. In an kashe dabbar, sai ya dawo mutum da nasa makin, abin da ya yi rara daga saran ƙarshe kawai zai taɓa shi. Sannan akwai wani reshe na duruwid, 'yan da'irar wata, da aka ba su manyan dabbobi tun daga mataki na 2.

Lokacin dogon yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya fara 14 ga Fabrairu ya ƙare 14 ga Oktoba, wata takwas cur, mu biyar muka riƙa haɗuwa a barandar gidanmu a Kubwa, ba nisa da sansanin masu yi wa ƙasa hidima. Kowa da jami'arsa, zaman gida ya haɗa mu. Ludo ya ishe mu, whot ya ishe mu, gardamar ƙwallo ta ƙare. Sai ɗayanmu ya zo da littafin, wani yayansa ya kawo masa daga waje. Dayis kuwa a waya muke jefawa. Ni ne mai jan labari. Abokinmu mai karanta injiniya ya ɗauki duruwid na da'irar wata, wani mai karanta shari'a ya ɗauki mayaƙi, ƙanwata ta ɗauki gwanar sanɗa, na biyar ɗinmu mai warkarwa.

Ga lissafin da ya kusa raba mu. A mataki na 2, mayaƙinmu makin ransa 20. Duruwid nasa 17. Amma beyar mai ruwan ƙasa da yake zama tana da 34, kuma sau biyu take kai hari a zagaye ɗaya, cizo da yakushi, shi kuwa mayaƙi sara ɗaya yake yi. A kashe beyar, ya sake zama wata, 34. Haɗa 34 da 34 da 17, ka sami 85. Mutum ɗaya 85, na kusa da shi 20, kuma wai shi ne aka ce aikinsa tsayawa a gaba.

Ranar da suka yi faɗa da 'yan fashi a kan wata gada, mai shari'a ya ajiye fensirinsa ya ce, "Mutumina, to ni mene ne amfanina a nan? Ku ba ni tocila in riƙa haska muku." Muka yi dariya, amma shi ba dariya yake ba. Mako na gaba aka zo leƙen asirin wani gida. Ƙanwata ta gama tsara yadda za ta haura, sai duruwid ya zama ɓera ya bi ta ƙarƙashin ƙofa. Ta dube ni ta ce, "Yaya, in ɓera zai yi aikina, bari in je in taya Umma girki." Ta tashi kuwa. Bayan mako biyu mai shari'a ya fara kawo uzuri: yau an aike shi Dutse Alhaji, gobe kansa na ciwo.

Shi injiniya bai yi laifin komai ba, abin da littafi ya ba shi ya yi amfani da shi. Amma wasan da aka gina a kan kowa na buƙatar kowa, in mutum ɗaya ya daina buƙatar sauran, ya mutu ko da ana ci gaba da jefa dayis.

ABIN DA KAKA TA CE

A lokacin kakarmu ta wajen uwa ta zo daga Katsina tana hutu a wurinmu. Ta ji muna ta gardama a baranda, ta kira ni ta ce wai me muke rabawa. Na yi mata bayani iya yadda zan iya. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "Kai ɗan nan, wane irin mai rikiɗa ne wannan da ba shi da makari?" Daren nan ta yi mana tatsuniyar ɓauna da ɗan maharbi. Na san wasunku sun san ta, ko da da ɗan bambanci.

Maharbi da ɗansa sun addabi ɓaunaye a daji. Sai wata ɓauna ta rikiɗa ta zama kyakkyawar budurwa, ta shigo gari, ɗan maharbi ya gani ya aura. Da dare tana lallaɓa shi, tana tambaya: in ɓauna ta taso maka, yaya kake tsira? Ya ce suri yake zama. In ta tunkuyi surin fa? Ya ce kututture. In ta tunkuyi kututturen? Ya buɗe baki zai faɗi na uku, ya kai rabin kalma, uban da ke ji daga ɗakinsa ya daka masa tsawa, ya yi shiru. Kwana kaɗan ta ce ya raka ta ganin dangi, kuma ya bar baka da kwari a gida. Suna shiga daji ta koma ɓauna. Ya zama suri, ta yi kansa. Ya zama kututture, ta yi kansa. Sai ya zama zobe ya faɗa cikin ciyawa. Ita kuwa rabin kalma ta ji, ta yi ta nema har ta gaji ta tafi.

Ku duba dokokin da ke cikin labarin nan, ba littafi ba dayis. Siffofin yaron uku ne, ƙidayayyu. Kowace siffa tana aiki ne muddin maƙiyi bai san ta ba, da ya sani ta zama banza. Ita kanta ɓaunar, duk da rikiɗarta, ba ta iya kashe shi a cikin gari ba, sai da ta ja shi inda take da ƙarfi. Kuma abin da ya ceci yaron ba asirinsa ba ne kaɗai, tsawar ubansa ce. Mai rikiɗa ma yana buƙatar wani.

Da na ci gaba da tunani sai na ga duk labaran rikiɗa da muka taso da su haka suke. Labarin mutumin da ke zama kura da dare, yaya ake gane shi? An harbi kura a ƙafa, da safe an ga wane yana ɗingishi. Wato rauni yana biyo ka gida. Labaran mafarauta da 'yan tauri, yadda ake ba da su, kowane laƙani da sharaɗinsa, kar ka ci kaza, kar ka taɓa kaza, ranar da ka karya shi ma ya karye. Ko a Dare Dubu da Ɗaya, gimbiyar da ta yi faɗan rikiɗa da ifiritu, shi ya zama kunama ita maciji, shi kyanwa ita kyarkeci, shi rumman ita zakara tana tsince 'ya'yan, ƙwaya ɗaya ta kuɓuce mata. Ta ƙone shi daga ƙarshe, amma ita ma wutar ta ci ta. Ta yi nasara, ta biya da ranta.

Kuma irin waɗannan tatsuniyoyi namu a rubuce suke. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, tsakanin 1911 da 1913. A. J. N. Tremearne ya fitar da nasa tarin a 1913. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya yi Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970. Fiye da shekara 60 kafin a buga D&D, tatsuniyoyinmu sun riga sun shiga takarda, a baki kuwa Allah kaɗai Ya san tun yaushe.

DOKOKI HUƊU NA BARANDA

Muka zauna mu biyar, har da mai shari'a da muka je muka ɗauko, muka rubuta dokokinmu daga tatsuniya.

Na ɗaya, ƙidaya. Siffa uku kawai, kuma dabbobin ƙasarmu. Injiniya ya zaɓi kura, zomo da kada, ya kuma ba mu labarin inda mutuminsa ya zauna da kowacce har ya san ta. Beyar ta koma inda ta fito.

Na biyu, rauni na biyo ka. In an kashe siffar dabba, rabin abin da ta sha yana komawa jikinsa na mutum.

Na uku, hali na biyo siffa. Ka zama kura, ka ɗauki haƙorinta da hancinta, ka ɗauki tsoronta. In an ɗaga wuta a gabanka sai ka jefa dayis, in ta ƙi ka, gudu za ka yi. Ka zama zomo, kare ya yi haushi, kai da tsayawa sai wani ikon Allah.

Na huɗu, makari. Duk maƙiyin da ya ga rikiɗarka ya tsira, zai kai labari, kuma masu zuwa gaba da shirinsu za su zo.

Injiniya ya yi ƙorafi, ya ce mun taru mun yanke masa fiffike. Ba a rabu da daɗi ba a ranar. Amma a zama na uku abin ya nuna kansa. Yana jikin kura yana bin sawun waɗanda suka sace wani yaro, sai masu gadi suka fito da wutar kara. Ya jefa dayis, 4 ta fito. Kura ta juya za ta arce, ga rami a baya. Mayaƙi ne ya tsaya tsakaninsa da wutar, ƙanwata kuma ta zagaya ta kwance yaron. Ihun da muka yi sai da Umma ta leƙo ta ce ko an janye yajin aiki ne. Tun daga ranar, kafin ya rikiɗa sai ya tsaya ya yi tunani, ya tambayi sauran inda za su tsaya. A da ba ya tambayar kowa komai.

2023 DA 2024: KAMFANI YA BIYO SAHU

Su ma can ba su huta ba. A Fabrairun 2023 kamfanin ya fitar da dokar gwaji: a daina zaɓen dabba daga littafi, a yi siffa uku na kowa da kowa, dabbar tudu, dabbar ruwa, dabbar sama. 'Yan wasa suka ƙi, don in kura da zomo lambobinsu ɗaya, ina daɗin? Cikin 'yan watanni aka janye. A shekarar ne kuma fim ɗin Honor Among Thieves ya fito, inda wata duruwid mai suna Doric ke rikiɗa a jere ba ƙidaya, har ta zama dodo mai jikin beyar da kan mujiya. Tun daga tallar fim ɗin masu bin doka suka fara cewa littafi bai yarda da wannan ba. Gaskiyarsu, amma a fim ba wanda ke zaune a gefe yana jiran a zo kansa.

Sabon littafin 'yan wasa ya fito a 2024. Me suka yi? Duruwid ya daina ɗaukar makin ran dabba. Nasa yake riƙewa, a ɗora masa ɗan ƙari daidai da matakinsa, 'yan da'irar wata kuma ninki uku. Maimakon 34, ɗan mataki na 3 yanzu 9 yake samu. Sannan siffofinsa ƙidayayyu ne: 4 a mataki na 2, 6 a na 4, 8 a na 8. Rauni na biyo ka, siffa tana da adadi. Biyu daga cikin abin da ke tatsuniyoyinmu ke nan, bayan shekara 46 da littafin 1978. Sauran biyun, hali da makari, har yanzu sun bar wa mai jan labari.

TAMBAYAR DA NA SAN TANA ZUWA

Wani zai ce, Malam, wannan ba sihiri kuke koya ba? Ba wanda ke karanta wani abu, ba wanda ke kiran wani abu, ba wanda ya yarda ɗan injiniya zai zama kura. Takarda ce da fensir da lissafi, kamar yadda ba wanda ya taɓa zuwa neman gidan Gizo da Ƙoƙi. A Amurka ma an yi wannan cece-kuce a shekarun 1980, har TSR ya cire sunayen shaiɗanu daga bugu na biyu a 1989. Duk da haka wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya tambayi malaminsa ko ya bar shi, ba dole.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne rikiɗar da ta fita daga tatsuniya ta hau titi. A Janairun 2009, a jihar Kwara, 'yan sintiri sun kai akuya ofishin 'yan sanda, suka ce ɓarawon mota ne ya rikiɗa, labarin ya zagaya duniya ana yi mana dariya. Wannan akuya ce. Mun san lokutan da mutum ne ake nunawa, a ce maye ne ko mayya, kafin a yi bincike an taru a kansa. Tsofaffinmu sun yi wa wannan ma shinge. Ba a tatsuniya sai da dare, a buɗe ta da ga ta nan ga ta nanku, a rufe da ƙurunƙus, mai bayarwa ya faɗa da bakinsa cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya. Kowane yaro ya san inda labari ya tsaya, inda duniya ta fara. Teburin wasa ma haka ne, a ninke takarda a tashi a yi alwala.

Roƙona gare ku ɗaya ne. Hutun nan mai zuwa, wanda Allah Ya bar masa kaka ko gwaggo ko inna mai tatsuniya, ya kunna rikodar wayarsa ya ce ta ba shi labarin rikiɗa. Ka tambaye ta abu uku: siffa nawa, mene ne sharaɗin, mene ne makarin. Na Sakkwato ba zai zo ɗaya da na Haɗeja ba, na Zariya daban da na Maraɗi. Ku turo mini abin da kuka samu da sunan garin. Mu a Kubwa mun fara tara su a wani littafin rubutu mai shafi 80, muna son mu ga ko za a iya gina wasa sukutum a kan Gizo da Dodo da Botorami da 'yan farauta, da dokokinsa da Hausa, wanda za a buga a ɗakin hostel ba sai an jira wani yaya ya dawo daga waje ba. Masu karanta lissafi muna neman ku, don wani ne zai auna ko kurar tamu ba ta fi ƙarfin mayaƙi ba. 'Yan sashen Hausa kuma ku ne masu gida.

Masu jarrabawa Allah Ya ba da sa'a, Ya raba mu da kari-oba. Amin.